Fitsarinsa Bai Nuna Komai Ba: Yadda Na Nemo Wa Ƙanena Magani Daga LSD da Ketamin

Duk cibiyar da na buga wa waya, tambayar farko ɗaya ce: me yake sha? Idan na ce LSD ne, wata ƙwaya mai sa gane-gane, da laimar kwaɗi mai irin wannan aiki, sai a ɗan yi jim, sannan a ce, "To ban da su fa? Ba ya shan wiwi? Giya fa? Maganin tari?" Sai ka ga kamar abin da na ambata bai kai a ɗaga waya a kansa ba. Yawancin wuraren nan an kafa su ne don masu shan giya, hodar iblis da dangin tiramol, mutanen da da yawansu jikinsu ke rawa da zufa da amai idan sun daina. Aikinsu na farko shi ne su wanke ƙwaya daga jikin mutum. Ƙanena kuwa babu abin da za a wanke masa, amma rayuwarsa na lalacewa a gaban idonmu.

Yana jami'a ya fara. Kafin mu ankara ya daina shiga aji, ya mayar da rana dare, yana saka baƙin tabarau a cikin ɗaki, kuma sai ya zauna ya ƙura wa bango ido har ka gaji da kiran sunansa. Da na tsare shi, bai musa ba. Cewa ya yi, "Yaya, wannan ba irin ƙwayar da ka sani ba ce. Ba ta kama mutum. Je ka bincika ka gani."

Na bincika, kuma akwai gaskiya a maganarsa, abin da ya ƙara wahalar da mu ke nan. LSD, da sinadarin silosaibin da ke cikin wasu nau'o'in laimar kwaɗi, da meskalin, da DMT, duk suna aiki ne a kan mazaunin sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa. Jiki yana saurin sabawa da yawancinsu, har idan mutum ya sha yau, gobe ya maimaita adadin nan da ƙyar zai ji wani abu, sai ya jira kwanaki. Wanda ya sha LSD jiya ma laimar kwaɗi ba za ta yi masa tasiri sosai yau ba, don ƙofarsu ɗaya. Kuma idan an daina su, jiki ba ya shiga azabar nan da muka sani. Wannan ne ya riƙe a matsayin hujja, kuma da ita ya rufe bakin kowa a gidan.

Wuri na farko da ya yarda ya bi ni, gwajin fitsari suka fara yi masa. Sakamako ya fito fes. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko?" Ma'aikacin ya ce mu dawo in an kama shi da wani abu a hannu. Daga baya likita ta yi min bayanin cewa gwajin da aka saba yi yana neman wiwi ne, da hodar iblis, da dangin mofin, da amfetamin, wani kuma ya haɗa da wata ƙwayar maye mai suna PCP da magungunan barci. LSD ba ta cikinsu. Abin da ake sha ma bai taka kara ya karya ba, wajen maikurogiram 100, wato kashi ɗaya cikin 10,000 na giram guda, an ɗiga a kan 'yar takarda wadda ba ta kai farce ba. Sai da gwaji na musamman ake gano ta, kuma tana saurin barin jiki. Ketamin ma, wani maganin asibiti da wasu ke shaƙa don maye, sau da yawa sai an nemi a duba ta da sunanta. Takardar nan mai cewa babu komai ta mayar da mu baya sosai, domin ta zama masa garkuwa.

Wata cibiyar kuma tayi suka yi min mai daɗin ji ga wanda ya gaji. Za su zo da mota cikin dare, su ɗauke shi yana barci, su tsare shi watanni ba waya ba ziyara. Umma ta so a yi hakan. Ta ce min, "Babba, bari su tafi da shi ko hankalina ya kwanta." Ban ga laifinta ba. Amma da na tambaye su wane likita ne zai duba shi, kuma ran yaushe, amsar ita ce suna da ƙwararrun ma'aikata. Na sake tambaya, aka sake ba ni amsar nan. Ƙa'idojin kula da masu matsalar ƙwaya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2020 sun tsaya a kan cewa magani da yardar mara lafiya ake yi, da hanyoyin da bincike ya tabbatar, ba da horo ko wulaƙanci ba. Ko ba don takarda ba, yaron da tsoro ya riga ya cika masa ciki, a ce wasu ƙarti su danne shi cikin duhu, ban ga yadda hakan zai zama farkon samun lafiya ba. Na ƙi.

Likitan da ke duba iyalinmu ne ya ɗora mu a kan hanya. Ya ce mu bar neman gado, mu fara neman wanda zai gano me ke damunsa, wato likitan ƙwaƙwalwa wanda ya san harkar shaye-shaye, a asibitin da ke da wannan sashe. Ya rubuta mana takardar turawa. Saura shawo kan mai abin. Ban ce masa ya zo a raba shi da ƙwaya ba, don na san inda maganar za ta ƙare. Na ce masa barcinsa ya lalace, idonsa na damunsa, mu je a duba waɗannan biyun, kuma na gaya masa gaskiya cewa likitar za ta tambaye shi komai. Ya yi shiru, can ya ce, "In dai za su duba idon, zan je."

Zaman farko ya ɗauki lokaci mai tsawo. Likitar ta saurare ni kaɗan, sannan ta ce, "Malam, ɗan ba mu wuri." Abin da zan faɗa yanzu shi ya ba ni labari, kuma da izininsa nake faɗa. Ta fara da cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma abin da ya faɗa mata ba zai fita ba sai in ransa ko na wani yana cikin haɗari. Ta bi shi da jerin tambayoyin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira ASSIST, ƙwaya bayan ƙwaya, har zakami da maganin tari mai dekstirometofan ta tambaya. Ta tambayi ko a danginmu akwai wanda ya taɓa samun taɓin hankali, musamman sikizofireniya ko ciwon nan da ke ɗaga mutum sama ya kuma jefa shi ƙasa, domin waɗannan ƙwayoyi kan farkar da ciwon da ke kwance a jini. Ta tambayi ko yana shan wani magani, ta ambaci litiyom, wanda haɗa shi da LSD kan jawo farfaɗiya. Ta tambayi ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Ta kuma yi masa wata tambaya da ta ba shi mamaki: takardun da yake ɗorawa a harshe, akwai masu ɗaci ko masu sa harshe ya mutu? Ya ce akwai. Ta ce ainihin LSD kusan ba ta da ɗanɗano, masu ɗacin nan sau da yawa wasu sinadarai ne da ake kira NBOMe da ake sayarwa da sunanta, kuma sun kashe mutane.

Sai ta ce, "Sau nawa kake tashi fitsari da dare?" Nan asirin da ban sani ba ya fito. Ashe LSD ta daɗe da zama ta lokaci-lokaci, abin da yake shaƙa kusan kullum ketamin ce. Ita kuma ba layinsu ɗaya da LSD ba. Maganin sa barci ne na ɗakin tiyata, an haɗa shi a 1962, asibitoci na amfani da shi har gobe, kuma yana toshe wata hanyar saƙo daban a ƙwaƙwalwa har mutum ya ji ya rabu da jikinsa. Idan an shaƙa, tasirinta ba ya wuce sa'a guda, don haka ake maimaitawa, kuma tana sa ƙwaɗayi mai ƙarfi. Wato hujjarsa ta cewa ba ta kama mutum ba ta shafi ketamin ba ko kaɗan. Ga shi tana cin bangon mafitsara: yawan fitsari, zafi, jini, in abin ya yi nisa ya taɓa ƙoda, wasu har sai an cire musu mafitsarar. Ya daɗe yana ganin alamun nan yana ɓoyewa, yana shaƙar ƙwayar da ke jawo ciwon don ta kashe masa zafinsa. A ranar ta rubuta masa takardar ganin likitan mafitsara.

Batun idon ne ya fi taɓa ni. Da muka dawo gida ya ɗaga hannunsa ya wuce da shi a hankali ta gaban fuskarsa, ya ce, "Yaya, kai hannu ɗaya ka gani ko? Ni ina ganin wasu na bin sa a baya." Ya nuna farin bango ya ce a wurinsa cike yake da ƙananan ɗigo masu motsi, kamar talabijin da ta rasa tasha. Fitilun motoci suna da zobba kewaye da su. Idan ya kalli abu ya kau da kai, hoton yana nan na ɗan lokaci. Wannan kuma ba lokacin da ya sha ba, kullum haka yake, watanni bayan takardar ƙarshe. Shi ya sa tabarau, shi ya sa kallon bango. Ya yanke wa kansa hukuncin cewa ya haukace, kuma ketamin ce kaɗai ke ba shi hutun sa'a guda daga wannan tsoro.

Likitar ta tura shi aka duba idon, lafiya lau. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka yi gwajin farfaɗiya, babu komai. Sannan ta gaya masa cewa ciwon sananne ne, likitoci na kiransa HPPD, wato rikicewar gani da ke zarcewa bayan ƙwayar ta bar jiki. Ta ce bambancinsa da taɓin hankali shi ne ya san abin da yake gani ba gaskiya ba ne, ba ya jin muryoyi, ba ya zargin ana bin sa. Ta ce wasu yana gushe musu a hankali, wasu yana jimawa, kuma wiwi, rashin barci da tashin hankali suna ƙara shi. Ba ta yi masa alƙawarin warkewa ba. Duk da haka ranar ce na fara ganin ya ci abinci ya yi barci da dare. Na tabbata da an kulle shi a wancan wuri, babu wanda zai tambaye shi me yake gani a bango.

Game da ko yana da matsalar shaye-shaye, ba ta yi gardama da shi ba. Ta ɗauko ma'aunin da ke cikin kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, wanda ya fito a 2013. Alamomi 11 ne ake dubawa a yawancin ƙwayoyi, amma a wannan rukuni an cire ta azabar dainawa, saura 10. Shan fiye da yadda aka yi niyya, yunƙurin dainawa a kasa, ɓata lokaci mai yawa a kan abin, ƙwaɗayi, sakin karatu ko aiki, ci gaba duk da an san yana cutarwa, da sauransu. Alama 2 cikin wata 12 ta isa a ce akwai matsala, 6 zuwa sama kuma ta yi tsanani. Ta karanta, ta bar shi ya ƙirga da yatsunsa. Ya wuce 6. Ba wanda ya ce masa komai.

Raina ya so a kwantar da shi, don in ga kamar an yi wani abu babba. Likitar ta ce gado na wanda hankalinsa ya gushe ne, ko mai neman halaka kansa, ko mai shan giya ko magungunan barci da dainawarsu farat ɗaya ke da haɗari, ko wanda gidansu ba wurin zama ba ne. Shi zai riƙa zuwa daga gida. Na tambayi maganin da za a ba shi. Ta ce masu shan hiroyin suna da metadon da bufurenofin, masu giya suna da naltirekzon, amma babu wani magani da aka amince da shi don raba mutum da LSD ko ketamin. Na idon ma wasu likitoci kan gwada lamotirijin, amma ta fi son a jira a ga abin da dainawa da barci za su yi. Magungunan kwantar da hankali irin su diyazefam kuwa ta ce ba za ta ɗora shi a kansu ba, kada a fita daga wani rami a faɗa wani. Ainihin maganin zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, mako bayan mako.

Neman wannan masani ya zama wani aikin. Layin asibitin ya yi tsawo, sai na shiga neman na waje. Zuwa lokacin na san abin da zan tambaya. Ko ya taɓa kula da mai shan ketamin ko LSD, ba ƙwaya kawai a dunƙule ba. Wace hanya yake bi, da sunanta. Ko yana da lasisi, daga wace hukuma. Ko zai yarda ya riƙa magana da likitar. Abin da ya fi bambance su shi ne amsar tambayar nan: idan ya koma sha, me za ku yi? Wanda ya ce sallama ce, ko ya ce hakan ba ya faruwa a wurinsa, ban sake kiransa ba. Haka wanda ya yanka min kwanakin da zai warke tas. A intanet kuma na yi ta cin karo da tallan wuraren da ke cewa suna raba mutum da ƙwaya ta hanyar ba shi ibogen ko ayahuwaska, wasu abubuwan sa gane-gane da ake samu daga tsirrai. Ibogen na rikita bugun zuciya, an samu mace-mace a kansa, kuma ba wa mai fama da rikicewar gani wata ƙwayar gane-gane ganganci ne tsagwaronsa.

Wanda muka samu mutum ne mai haƙuri. A zaman farko ƙanena ya zo masa da hujjojinsa: ai Ostareliya ta ba wasu likitoci damar amfani da silosaibin don ciwon damuwa tun 2023, ai Amurka ta amince da wani nau'in ketamin na fesawa a hanci tun 2019. Masanin ya ce duka gaskiya ne. Sannan ya tambaye shi, a can wa ake ba wa, bayan wane bincike, wa ke auna adadin, wa ke zaune kusa da mara lafiya? Wanda aka fesa wa maganin nan ma sai ya zauna a asibiti sa'a 2 ana lura da shi. Sai ya ce, "Kai wa ya auna maka naka?" Daga baya na ji cewa wannan salo na barin mutum ya fito da dalilinsa da bakinsa hanya ce da aka tsara, wani masani mai suna William Miller ya fara rubutu a kanta a 1983. Ni da na shekara ina faɗa ban samu abin da tambaya ɗaya ta samu ba.

Bayan haka suka shiga abin da ake kira CBT, wato gano tunani da halayen da ke kai mutum ga sha don a sauya su. An ba shi littafi ya riƙa rubuta duk lokacin da ƙwaɗayi ya taso: yana ina, da wa, me ya ji kafin nan. Cikin 'yan makonni abin ya fito sarari. Faɗuwar rana ce ta fi tayar masa, lokacin da ɗigon nan ke ƙaruwa a idonsa, tsoro ya biyo baya, hannu ya nufi waya. Sai wasu abokai biyu, sai wani irin kiɗa. Suka tsara abin da zai riƙa yi a daidai wannan lokaci: ya kunna fitila tun kafin duhu, ya fita tafiya da ƙafa, ya kira wani. Ya canza lambar waya da kansa. An kuma ba shi shawarar ƙungiyoyin masu taimakon juna, irin su Narcotics Anonymous da aka kafa a Kalifoniya a 1953, da SMART Recovery. Da farko ya ji kansa bare, domin labaran mutane na azabar jiki ne shi kuwa bai san ta ba. Da ya samu wani zama ta intanet mai masu fama da ketamin, inda wani ya yi maganar tashi fitsari cikin dare, sai ya zauna.

Mu ma an kira mu. Masanin ya ce wa Umma, "Mama, ki daina binciken ɗakinsa da dare, ki daina kuma ba shi kuɗi a hannu. Abin da yake bukata a biya masa kai tsaye." Ya rubuta mana abin yi idan muka same shi a cikin maye: ɗaki mara hayaniya, haske kaɗan, kada a yi masa gardama a kan abin da yake gani, kada a bar shi shi kaɗai, in ya sume a kwantar da shi ta gefe saboda amai. Idan jikinsa ya yi zafi sosai, ko ya fara jijjiga, ko ƙirji na masa ciwo, ko numfashi ya ja baya, ko yana neman cutar da kansa, asibiti kai tsaye, kuma a gaya wa likitoci ainihin abin da ya sha.

Ya koma sha bayan wasu watanni, a gidan ɗaya daga cikin abokan nan. Washegari ya ga jini a fitsarinsa, ya zo ya same ni ya ce, "Yaya, na yi." Jikina ya yi sanyi, amma akwai abin da aka riga aka rubuta don wannan rana. Muka kira masanin, aka matso da zama, aka ƙara yawansu na wani lokaci, aka bi daren daki-daki don a ga inda shirin ya yi rauni. Ba wanda ya kore shi.

Da ya ɗan jima ba ya sha, sai likitar ta iya ganin abin da ke ƙasa: ciwon damuwa ne da ya riga ƙwayar zuwa, tun kafin jami'a. Ta fara ba shi magani a kansa, da ƙaramin adadi, tana lura ko zai taɓa ganinsa. Yanzu yana kwana ba ya tashi fitsari sai sau ɗaya. Ɗigon bangon sun ragu amma ba su tafi ba, kuma ba ya tuƙi da dare saboda zobban fitilu. Ya koma karatu da kwasa-kwasai kaɗan. An tsawaita tazarar zamansa da masanin, shi kaɗai yake zuwa, kuma wata mai zuwa likitan mafitsara zai sake auna yawan fitsarin da mafitsarar ke iya riƙewa don a ga ko za a dakatar da maganinta.